Shekarar da Baba Ya Mai da Ni Baƙo a Ƙaura

Daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta garinmu Ƙaura Namoda, idan ka hau kabu-kabu, kafin ku gama gaisawa da mai mashin ya yi maka kukan tsadar mai, kun isa. Amma shekarar da na samu gurbin karatu a can, sai da aka yi mini shiri irin na mai tafiya ƙasar da ba a san ranar dawowarsa ba. Har yau idan na tuna, dariya da haushi tare suke zo mini.

Babana ɗan kasuwar hatsi ne. Yana da rumfa a kasuwar Ƙaura, inda yake awon gero da dawa da wake, da gyaɗa idan kakarta ta yi. A kasuwa an san shi da raha, ba ya barin mutum ya wuce bai tsokane shi ba. A gida kuwa mun san shi da wani hali: idan ya kafe a kan magana, ko duk unguwa ta taru ba ya motsi. Ranar da na kawo masa labarin makaranta, ya yi hamdala, ya sa mini albarka, sannan bayan la'asar ya kira ni zaure.

"Na ji daɗi ƙwarai," in ji shi. "Amma ga sharaɗina. Ɗakin kwanan ɗalibai za ka zamna. Ƙahwarka ba ta taka cikin gidan ga sai an ba ku hutun ƙarshen zango. Rad da kash shigo kahin nan, tau karatu ya ƙare, ga rumhwa can tana jiran ka."

Na zaci tsokanar kasuwa ce ya biyo ni da ita gida. Na ce, "Baba, Foli hwa nic ce. Ta nan cikin garin ga."

"Na san inda take. Mutum ba shi karatu gidansu."

Na ruga wurin Inna, mahaifiyata, ina tsammanin za ta shigar mini. Inna 'yar Zurmi ce, kuma ita kaɗai ce a gidan take iya juya Baba, shi ma ba kullum ba. Sai na iske ta riga ta jiƙa gyaɗa. Maimakon ta tare mini, ta ɗauki maganar da gaske fiye da wanda ya yi ta. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta daka dakuwa, ta yi yaji cikin gwangwani, ta toya hoce, wainar dawar nan tamu mai kwana da kwanaki ba ta lalace ba. Tana yi tana share hawaye da gefen zane. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa ban kwana, wannan ta kawo sabulu, waccan ta kawo kilishi, kowace tana cewa Allah shi kiyaye hanya. Ni kuwa ina tsaye ina cika ina batsewa, ba wanda ya kula ni.

Ranar tafiya Baba ya ce sai an raka ni tasha. Ba tashar mota ba, tashar jirgin ƙasa. A Ƙaura layin dogo ya ƙare, kuma wannan abin alfaharin Baba ne tun muna yara. Yakan ce kowane gari jirgi ratsa shi yake yi ya wuce, mu kuwa takanas yake zuwa wurinmu. A lokacin da nake magana jirgi ya daɗe bai zo ba. Ciyawa ta rufe ƙarafan, awaki suna kwance a inuwar manyan rumbunan da a da ake tara gyaɗa da auduga. Amma a wurin Baba, duk wanda zai bar Ƙaura da mutunci daga nan yake tashi. Muka tsaya a bakin layin, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya damƙa mini jakata. Daga nan na taka zuwa bakin titi na tare keke napep, shi kuma ya juya ya nufi kasuwa bai waiwayo ba.

A ɗakin kwana aka haɗa ni da wani ɗan Binuwai, dogo, mai yawan dariya, wanda ya kwana a mota kafin ya iso. Yana jin Hausa irin ta barikin soja, don a can ya tashi. Ya dubi tulin guzurina ya tambaye ni daga wace jiha nake. Na ce daga nan. Ya ce nan ina? Na nuna masa ta taga wajen da unguwarmu take. Da na ba shi labarin sharaɗin Baba, ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Bai tashi ba sai da hoce a hannunsa, kuma daga ranar ya zama abokin cin guzurina.

Tun da an hana ni gida, ranakun da ba darasi sai yawo. Shi yana son ganin gari, ni kuma ba ni da wurin zuwa, sai na zama ɗan jagora a garin da ban taɓa tsayawa na duba ba. Na fara kai shi gulbin Gagare. Rani ne, rana tana dukan yashi har ido ba ya buɗuwa sosai. Muka sauka muka yi tafiya, sai ya ce, "To ina kogin?" Na ce yana tsaye a kansa. Ya sake wata dariyar, ya ce a garinsu kogi jiragen ruwa ke bi, ba motocin ɗibar yashi ba. Raina ya ɓaci, don ban san ina kishin gulbin nan ba sai da aka raina shi. Na durƙusa na tona yashi da hannu kamar yadda muke yi muna yara, ruwa ya tsattsafo mai sanyi, na ce ya taɓa. Sannan na nuna masa lambunan da ke gefe, albasa da tumatir da tattasai kore shar cikin wannan zafi, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Na ce masa gulbinmu ba ya tafiya ko'ina, ɓuya yake yi, ya jira damina ya gani.

Na kai shi wurin masu kilishi, inda ake shanya nama a kan gadajen kara. Na kai shi bakin tasha ranar da manyan motoci ke lodi zuwa kasuwar Shinkafi, ya ga fatake daga Nijar suna ciniki da Hausarsu mai ɗan ɗanɗanon Faransanci. Wata ranar muka hau mashin ɗaya zuwa Kasuwar Daji, ya ga raguna da shanu iya ganinsa, ya sha furar da ya kasa tashi bayanta. Hanyoyin sun fara ba da tsoro a shekarun nan, don haka ba ma nisa, kuma ba ma bari yamma ta yi mana a waje. Shi ma ya ja ni cikin nasu. Ranar nunin al'adu a makaranta na ga rawar mutanensa da tufafinsu masu ratsin baƙi da fari, na ga ta Yarbawa da ta Nufawa, a filin da ina yaro muke zuwa ɗibar ciyawar awaki a bayansa. Da makaɗan garinmu suka shigo da kalangu, na tsinci kaina ina ihu fiye da kowa.

Kasuwa ba ta cikin sharaɗi, saboda haka nakan bi ta gaban rumfar Baba da gangan. Ashe ya shirya mini. Ranar farko da muka bi tare da abokina, ya dube ni ya washe baki.

"Maraba da malam ɗalibi! Daga wane gari? Yaya kun ka ishe Ƙaura, tana karɓar ku?"

Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya. Abokina ya amsa gaisuwar da ladabi, ni kuwa na yi kicin-kicin. Baba ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya cika wa abokina aljihu da gyaɗa, ya sallame mu kamar yadda yake sallamar kowane baƙo.

Akwai wata rana da ban manta ba. Na iske shi shi kaɗai a rumfa, ga mai saye yana sauri, Baba yana awo da tiya a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kokawa da bakin buhu, gero yana zuba ƙasa. Ban yi tunani ba na miƙa hannu na kama bakin buhun, aikin da na yi tun ban kai tsawon buhun ba. Baba ya buge hannuna, bugu na gaske. Fuskarsa babu raha ko kaɗan.

"Sake shi. Baƙo ba shi riƙon buhu."

Na saki, na tafi. A ranar na ƙudurta cewa mutumin nan ba ƙaunata yake yi ba, neman hanyar rabuwa da ni kawai ya yi. Na kwana biyu ban sake bin layin 'yan hatsi ba.

Inna kuwa ranar Juma'a take kira na a waya, bayan an sauko masallaci. Tambayoyinta ba sa canzawa: ko abincin garin yana karɓa ta, ko mutanen wurin suna da kirki. Da damina ta faɗi, aka yi wani ruwa mai ƙarfi wanda ya kwana yana zuba, da safe ni da abokina muka je muka ga Gagare ya cika ya tumbatsa, jajawur, yana tafe da itatuwa. Abokina ya saki baki, ni kuma na yi ta kallonsa ina jin daɗi kamar ni na cika gulbin. A Juma'ar nan Inna ta kira.

"Mu nan mun samu ruwa, alhamdu lillahi. Ku an yi wajenku?"

"Inna, hadarin da yaj jiƙa ki shi yaj jiƙa ni."

"Yo ni ina zan sani? Halan da bambanci."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na ji muryarta ta shaƙe, tana magana tana tsayawa tari. Na tambaya, ta ce ɗan zazzaɓin damina ne, ya wuce. Juma'ar da ta biyo baya tarin yana nan. Na san Inna, ko tana kwance sai ta ce lafiya lau. Daga nan karatu ya daina shiga kaina. Ina zaune a aji, hankalina yana tsakar gidanmu, gidan da idan na tashi da ƙafa zan isa kafin malami ya gama darasi. Ban taɓa sanin kusa tana da ciwo haka ba.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta zo. An ba da hutun 'yan kwanaki, jarrabawa kuma tana biye. 'Yan gari duk suka tafi gidajensu, 'yan nesa suka zauna saboda tsawon hanya da halin da take ciki. Na kira Baba na tambaya ko Sallah tana cikin hutu.

"An gama zango?"

"A'a."

"Tau."

Ya kashe waya. Amma Baba yana da wata al'ada da bai taɓa fasawa ba: duk Sallah sai ya tara baƙi a zaurensa sun ci abinci, fatake ne ko direbobin da Sallah ta riska a hanya. A wannan shekarar ya tare abokina a kasuwa ya ce ya zo da ɗalibai 'yan uwansa, har da wancan mai fushin. Ya kuma ba shi saƙo gare ni, cewa zaure na baƙi ne, ƙofar ciki ita ce iyaka.

Haka na shiga zauren ubana da sallama, na cire takalmi, na zauna a tabarmar baƙi. Baba da kansa yake shiga ciki yana fito da kwanuka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ga waina, ga tuwon shinkafa, ga soyayyen kayan ciki yana tururi. Can ya fito da wani ƙaramin kwano a rufe, ya ajiye a gabana. Na buɗe, ƙanzo ne, na gindin tukunya, an yayyafa masa mai da yaji. Tun ina yaro Inna take ajiye mini shi, ƙannena suna ƙorafi. Na kasa ci. Daga bayan asabarin da ke rataye a ƙofar ciki ina jin motsin gidanmu duka, ƙarar turmi, ƙaurin kan rago da ake babbakawa, sannan tarin nan.

Sai aka yi sallama da Baba a waje, masu karɓar fatar layya suka zo, ya fita. Abokina ya zungure ni da gwiwar hannu. Ya ce in shiga in ga Inna in fito, ba wanda zai faɗa, sauran ma suka ɗaga kai. Na san abin da zan iya rasawa. Na san Baba ba ya magana biyu, kuma na san idan ya tambaye ni ba zan iya yi masa ƙarya ba. Duk da haka na tashi. Na isa bakin ƙofar, na ɗaga hannu zan yaye asabarin.

"Kak ka shigo."

Muryar Inna ce, dab da ni, a ɗaya gefen. Ashe tun zuwanmu tana nan tsaye.

"Na ga ƙahwahunka ta ƙasa," in ji ta. "Ka rame har ga yatsu. Ba su ba ku abinci can?"

"Inna, so nikai in gan ki. Tarin ga..."

"Na sha magani, ya yi sauƙi, wallahi ba ɓoye maka nikai ba. In kash shigo, guzurina da kukana dus sun tahi banza. Tsaya inda kake."

Sai ta zuro hannunta ta gefen asabarin. Ya sha lallen Sallah, ya ɗan rame, amma babu zafin zazzaɓi a jikinsa. Na riƙe shi da hannu biyu. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ni da nake ganin kaina namiji, a gaban baƙi kuma. Ta matse yatsuna, ta ce in ci ƙanzon tun bai yi tauri ba, ta janye hannunta.

Ina juyowa na ga Baba a ƙofar waje. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna ya duba, ya ga a wane gefen dokin ƙofa suke. Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Baƙo, nama na hucewa." Na koma na zauna, na cinye ƙanzon tas.

Muka yi jarrabawa, aka ba da hutu. Abokina ya kama hanyar Binuwai da ƙullin hoce da Inna ta aiko masa. Ni na haɗa kayana zan tari mashin zuwa gida, sai ga wayar Baba. Ya ce in sauka tasha, yana can yana jira.

Na iske shi a bakin layin dogo cikin babbar rigarsa ta Juma'a, shi kaɗai, ciyawar damina ta kai masa gwiwa. Ya taho ya kama hannuna.

"Sannu da hanya. Kun sha tahiya."

Sauran haushin da na tara ya taso. Na ce, "Baba, wace hanya? Don Allah mi nay yi maka da za ka kore ni haka?"

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan wani tsohon dakali, ya nuna mini gefensa. Ya ce shi ma an taɓa sa shi makarantar boko, a cikin garin nan, kuma yana ganewa, yana so. Ban taɓa jin wannan ba. Ya ce mahaifinsa, kakana, bai taɓa cewa ya bari ba ko sau ɗaya. Abin da kawai yake cewa da safe shi ne, riƙe mini buhun nan kafin ka tafi. Yau buhu ɗaya, gobe ranar kasuwa ce, jibi mota ta zo daga Shinkafi ba mai tsaron rumfa. Yana zuwa a makare, ya koma zuwa jefi-jefi, har ranar da ya je ya iske an ba wani wurin zamansa.

"Ba wanda yah hana ni karatu," in ji shi. "Tsohona na so na, ni ma ina son shi, ga makaranta kusa, ga rumhwa kusa. Shi ke nan abin da yaf faru."

Ya dubi inda ƙarafan suka ƙare. Sannan ya ce, "Kuma na san halina. In ina ganin ka cikin gida, sai na aike ka. Rad da kak kama buhun nan, wallahi daɗi nij ji. Shi yas sa nib buge ka."

Duk zangon nan ina ganin ni aka hana gida, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma hana kansa ya yi ba. Tausayinsa ya kama ni, da wata ƙauna mai nauyi da ban san inda zan ajiye ta ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar jakata.

Ya miƙe ya karɓe jakar, ya ce matafiyi ba ya ɗaukar kaya. Na yi na yi ya ƙi. Haka muka ratsa gari da ƙafa, tsoho yana gaba da jaka a kafaɗa, ƙato yana biye hannu sake, mutane suna yi mini barka da dawowa, wasunsu kuwa ko mako ba a yi ba da muka gaisa. A zaure ya yaye asabarin da hannunsa ya ce in shiga. Inna tana tsakar gida a kan tabarma, ta warware sarai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ruwan garin can bai karɓe ni ba.

Washegari da sassafe ina kwance a ɗakina, na ji muryar Baba daga zaure yana kiran sunana. Ya ce hutu ne yanzu, in taso in riƙe masa buhu. Na tashi da sauri, ko takalmi ban tsaya nema ba.